Hanta Mai Rauni Ba Ta Jure Ciwo Na Biyu



Mukan ga magidanci yana nomansa, yana cin kasuwarsa, ko ciwon kai ba ya yi. Rana ɗaya sai idanunsa su yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, ciki ya kumbura, kafin a farga rai ya yi halinsa. A ce shawara ce, wasu su ce sammu. Alhali sau da yawa hantarsa ta daɗe da rauni, wata cuta ta biyu ce ta ƙarasa ta.

Raunin farko yakan fito daga ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya gano shi a jikin kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64. Uwa kan ba ɗanta wajen haihuwa. Aska ɗaya da aka yi wa yara da yawa kaciya, cire beli ko tsaga da ita, ita ma hanya ce. Jarirai 9 cikin 10 da suka kamu sukan girma da shi, yana cin hanta a ɓoye shekara da shekaru.

Cuta ta biyu, nau'in A ko E, ba sai an yi tafiya ake ɗauko ta ba. Tana cikin ruwan da bahaya ya gurɓata: rijiyar da ke daf da masai, ko kududdufin damina. Mai lafiyayyar hanta yakan warke, amma mai rauni tana iya kashe shi. A 2017 nau'in E ya ɓarke a Diffa ta Nijar, kuma akasarin waɗanda suka rasu mata ne masu juna biyu.

Tun 2004 allurar nau'in B ke cikin rigakafin yara, kuma kyauta ce. A yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu. Kada a jira suna. Sannan a koma a mako na 6, na 10 da na 14. Wannan allura ba ta kare mutum daga A da E, don haka a tafasa ruwan sha. Babba ya nemi gwajin jini a asibiti. In an samu cutar, akwai maganin da ke danne ta, ya kuma guji jiƙe-jiƙen da bai san haɗinsu ba.

Allah gafarta malamai, ku ake kira raɗin suna. Muna roƙo ku tambayi uban jariri: an yi masa allurar hanta? In ba a yi ba, a kai shi asibiti ranar.