Ƙaiƙayi Ya Faɗa Ido: Kada a Kwana a Kai

'Yan'uwa manoma, sa'ad da kaka ta yi, hankalinmu duka yakan koma kan buhu nawa za a samu. Amma mu da muke zagaya ƙungiyoyi muna ganin wani girbi dabam a kowace shekara, watau mutanen da suka shiga kaka da ido biyu suka fita da ɗaya. Yawancinsu ba wani babban hatsari ya same su ba. Ganyen dawa ne ya shafi ido, ko ƙaiƙayi ya faɗa wajen sussuka, ko ƙwayar shinkafa ta yi tsalle daga inji.

Ga yadda abin yake. A kan baƙin ido akwai wata fata mai haske kamar gilashi, kaurinta wajen rabin milimita ne kawai. Ta cikinta haske yake shiga. In ta ƙuje kaɗan, takan warke da kanta cikin kwana ɗaya zuwa 3. Amma tsiro ba ya zuwa shi kaɗai. A jikin kara da ƙaiƙayi akwai ƙwayoyin cuta, akwai kuma funfuna, irin wadda take ɓata hatsi a rumbu. In suka sami ƙofa sai su zauna, ƙujewar ta zama gyambo. Gyambon funfuna kuwa munafuki ne. Yakan ci a hankali, maganinsa ba a samunsa a kowane kanti, warkewarsa takan ɗauki makonni. Ko ya warke, sau da yawa yakan bar hakiya, in kuwa hakiyar ta tsaya a tsakiya, gani ya tafi. Wani ma idon yakan huje.

To, me za a yi? Da fari kada a murza. Murzawa ita ce take jan ƙaiƙayin a kan fatar nan kamar garma. A wanke hannu, a zuba ruwa mai tsabta da buta, ido a buɗe. In bayan wankewa mutum yana jin kamar da sauran abu a ciki, ko hawaye ya ƙi tsayawa, ko ba ya iya duban haske, sai a tafi wurin ma'aikacin lafiya a ranar. Mun san uzurin da akan kawo: "Bari mu gama wannan tarin tukuna." Tarin hatsi zai jira mutum, ido ba zai jira ba. Wanda ya ga farin ɗigo a kan baƙin idonsa kuwa, ya wuce dispensa ke nan, asibitin ido yake bukata, kamar na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko wanda ya fi kusa da shi.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne taimakon maƙwabta. Wannan ta kawo nono, wancan ya matso ruwan ganye, wani ya sa harshe ya lashe, wani har fitsari. Da kyakkyawar zuciya suke yi, amma kowannensu yana ƙara wa miki cuta. Haka kuma maganin ɗigawa da akan saya ba da likita ya duba ba. Waɗansu suna da sitiroyid a ciki, irin su deksametason da betametason. Sukan kwantar da ja da zafi, mutum ya ce ya sami sauƙi, alhali funfunar tana ƙara yaɗuwa a ƙarƙashi. Sauran maganin da wani ya rage a gida ma, a bar shi.

Maganin feshi, siminti, ruwan batir da taki nasu ya bambanta, gama ƙuna suke yi. A nan ba a fara neman mota. Ruwa za a fara zubawa nan take, ba tsayawa, na minti 15 zuwa 20, sa'an nan a tafi asibiti da kwalbar ko buhun a hannu. In kuwa ƙarfe ko tsinke ya soki idon ya maƙale, kada a zare, kada a danne. A kife ɗan kofi mai tsabta a kai, a ɗaure, a kama hanya.

Hausawa sun ce ƙaiƙayi koma kan mashiƙiya. Mata sun daɗe da sanin juya wa iska baya wajen shiƙa, amma injin sussuka yana watsa abu ta ko'ina, kuma yara sukan taru a bakinsa. A kore su, ko da za su yi fushi. Mai ba injin da mai kwashewa su sa tabarau na aiki, wanda ya rufe gefe. Baƙin tabarau na ado ba ya tare abin da ya zo ta kusurwa. Mun ji ana cewa yana sa zufa, yana yin hazo. Gaskiya ne. A cire a goge, a mayar.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce, ranar da ake lissafin taki da iri, a sa tabarau a ciki, a ajiye su tare da injin da tankin feshi domin duk wanda ya ara ya karɓa haɗe. A ajiye jarkar ruwa mai murfi a masussuka, ban da na sha. A kuma ware ɗan kuɗin mota a hannun ma'aji, wanda zai bayar a ranar ba sai an kira taro ba.