Gyaran kwanciya ko na'urar iska: wanne ke maganin minshari?

Mutane da yawa suna ɗauka daga hanci minshari yake fitowa, alhali yawancinsa daga maƙogwaro ne. Idan barci ya yi nauyi, harshe da ganda da naman maƙogwaro sukan saki, hanyar numfashi ta ƙuntata, iskar da ke wucewa ta riƙa kaɗa su kamar kwanon rufin da ƙusarsa ta yi sako-sako. Kowane magani ƙoƙarin buɗe wannan hanya yake yi. Biyu ne suka fi shahara: mutum ya gyara kwanciyarsa da jikinsa, ko ya kwana da na'urar da likitoci ke kira CPAP.

Hanyar farko ba ta cin kuɗi. Wanda ya kwanta rigingine, harshensa baya yake faɗawa ya tare hanya, shi ya sa da matarsa ta zungure shi ya juya sai ƙarar ta lafa. Kwanciya a gefen dama dama can sunna ce da aka koya mana tun muna yara, sai dai mai barci ba ya riƙe alkawari, kafin tsakar dare ya koma rigingine. Akwai tsohuwar dabara: a ɗinka ƙaramin aljihu a bayan rigar barci, a saka ƙwallon tanis a ciki. Da ya mirgina baya ƙwallon ta tokare shi, ya koma gefe ba tare da ya farka sosai ba. Ɗaga wajen kai na gado shi ma yana taimakawa.

Sai batun ƙiba, wanda shi ne mai wuyar. Kitsen da ya taru a wuya yana matse maƙogwaro daga waje. Likitoci sukan fara zargi idan kaurin wuyan namiji ya kai inci 17, kuma wannan awo ne da telan mutum ya riga ya sani. Wani bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, aka buga a 2000, ya nuna cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana rage yawan katsewar numfashi a barci da kimanin kashi 26. Taba da shisha suna kumbura hanyar iska, giya da ƙwayoyin sa barci kuma suna ƙara sakin naman. A lokacin hunturu ƙura kan toshe hanci har wanda bai saba minshari ba ya fara, shi wannan, wanke hanci da ruwan gishiri mai ɗumi kafin kwanciya yakan ishe shi. Matsalar wannan hanya jinkiri. Tumbin da aka yi shekara goma ana tarawa ba ya sauka a wata guda.

Ita kuwa na'urar, wani likita ɗan Ostareliya mai suna Colin Sullivan ne ya ƙirƙiro ta a birnin Sidni, ya wallafa sakamakonsa a 1981. Ɗan akwati ne mai tiyo da murfin hanci, yana hura iska a hankali dare bakiɗaya don kada maƙogwaro ya rufe. Idan an saita ta daidai, a daren farko ma ɗaki yakan yi tsit. Amma ba ta warkarwa, ranar da aka ajiye ta minshari ya dawo. Tana da tsada, kuma kafin a saita ta sai an yi gwajin barci, wanda ba kowane asibiti ke yi ba. A ƙasarmu ga batun wuta: na'urar da ke son lantarki daga dare zuwa asuba sai mai sola ko batir. Ga kuma ɗaura roba a fuska cikin zafin watan Afrilu. Ko a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, masu jingine ta suna da yawa.

A ganina mai minshari zalla, wanda ke tashi garau da safe, ba shi da dalilin sayen na'ura, ya fara da gefe da tumbi. Lissafin yana canzawa ne idan numfashi yana ɗaukewa. Mai ɗakinsa ce ke fara ganewa: ƙara ta yi ƙara, sai shiru, sai ya zabura yana haki. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10, kuma idan ta wuce sau 30 a awa guda, ciwon ya yi tsanani. Irin wannan mutum yakan tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yi ta gyangyaɗi a wajen huɗuba ko, mafi muni, a kan sitiyari. Ciwon yana da alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. A nan ƙwallon tanis ba za ta wadatar ba, kuma kai shi wurin wanzami a yanke beli ba abin da zai ƙara masa sai haɗarin zubar jini.

Cikas ɗin shi ne mai minshari ba ya jin kansa. Mai ɗakinsa ta ce, "Maigida, jiya numfashinka tsayawa yake yi," ya ce, "Ni? Ai ba na minshari." Maimakon gardama, ta kunna wayarta ta naɗi muryarsa na minti goma, su tafi da ita wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.