BA KOWANE GANYE MAI TSAMI NE YAKUWA BA

Kwanan baya na je duba wani ɗalibinmu na kwalejin horon malamai, yana gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye. A cikin littafin Turanci da ke hannunsa akwai labarin wani ɗan tsiro da Turawa ke kira "wood sorrel". Da wani yaro ya tambaye shi ko mene ne, sai ya kada baki ya ce, "Ai yakuwa ce, ta daji." Yara suka rubuta. Da aka tashi na ja shi gefe, muka dubi hoton tare. Ko kama babu tsakaninsa da yakuwa. To, tun da ba shi kaɗai ke yin wannan kuskure ba, na ga ya kamata in yi bayani a nan.

Asalin rikicin daga suna ya ke. Turawa suna kiran ganyaye masu tsami da dama da suna ɗaya, watau "sorrel", har da yakuwarmu, wadda 'yar'uwar rama ce da kuɓewa da auduga. Shi kuwa wannan ba danginsu ba ne. Sunan zuriyarsa a wurin masana Oxalis, daga kalmar Girkanci mai ma'anar tsami, kuma akwai fiye da iri 500 a duniya. Linnaeus, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, ya rubuta shi a littafinsa na 1753.

Wanda ke cikin littafin ɗalibin nan yana fitowa a kurmin Ingila da sauran ƙasashen Turai, a inuwa mai laima. Tsawonsa kamar inci 4 ne. Kowane ganye ya rabu uku, kowane yanki da tsaga a baki kamar ɗan mitsitsin ganyen kalgo. In dare ya yi sai ganyen ya naɗe ya sunkuya. Furensa fari ne mai jijiya shunayya, yana buɗewa a watan Afrilu da Mayu. Yaran can su kan tsinka su tauna sabo da ɗanɗanonsa na lemon tsami, manya kuwa su barbaɗa kaɗan a kan kifi ko kwaɗon ɗanyen ganye. Yana da wani ƙane mai rawayan fure wanda ke yaɗo a lambuna masu ruwa na ƙasashe masu zafi, har da tamu. In 'ya'yansa suka nuna, ka taɓa, sai kwanson ya fashe ya watsa iri.

Amma fa inda maganar ta ke shi ne wajen tsamin nan. Abin da ke kawo shi wani sinadari ne mai suna oksalik. A 1784 Scheele, wani mai haɗa magani, shi ma ɗan Suwidin, ya tabbatar da cewa wanda ke cikin ganyen ɗaya ne da wanda ya haɗa daga sukari. A da, daga ganyen nan a kan fitar da wani gishiri na cire tabon tawada da tsatsa daga tufa. Akawu ya yi tunani: abin da ke cinye tawada a jikin riga, ai ba na cika ciki da shi ba ne. In ya yi yawa a jiki yana kame kalsiyam, watau abin da ke gina ƙashi da haƙori, su dunƙule su zama tsakuwa a ƙoda. A Ostiraliya wani irinsa da aka kai daga Afirka ta Kudu ya sha kashe tumaki da suka ƙoshi da shi.

Sabo da haka ga dokar cinsa. 'Yan ganye kaɗan ba su cutar da mai lafiya. Kada a yi faten sa tukunya guda yadda a ke yi da yakuwa. Mai ciwon ƙoda ya bar shi ɗungum. Kada a tsinka a bakin kwata ko inda aka fesa maganin ciyawa, a kuma wanke kafin a kai baki.

Yanzu ku duba abin da kalma ɗaya ta malami za ta iya jawowa. Yaron da aka ce masa wannan yakuwa ce, gobe ya gan shi a lambu, sai ya cika ƙwarya ya kai wa tsohuwarsa. Kama da wane ba wane ba ne.

Shawarata ga malamai ita ce, kada ku fassara sunan tsiro sai kun gan shi da idonku. In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, wannan ba abin kunya ba ne. Da damina ku fita da yara bayan gari, ku roƙi wata dattijuwa ta raka ku, ta nuna musu tafasa da lalo da gasaya, da waɗanda ba a ci. Kowane yaro ya danne ganye a cikin littafinsa, ya rubuta sunansa da inda aka same shi. Gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace, amin.