Abincin Wanda Ba Ya Cin Alkama Da Nama: Matsalolinsa Da Hanyoyin Warware Su

Gabatarwa

Hausawa na cewa, abincin wani gubar wani. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba halin mutumin da ciwo ya raba shi da alkama, sa'an nan kuma shi da kansa ya ƙaurace wa nama da kifi, ko don addini, ko don lafiya, ko don ra'ayinsa. Za mu ga yadda zai yi cefane, da yadda zai ci abinci a waje ba tare da ya cutu ba.

Asalin Matsalar

A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi, burodi kuma ya kumbura. Yawancin mutane ba ya yi musu kome, amma akwai waɗanda in ya shiga cikinsu sai garkuwar jiki ta tayar masa, har ta lalata fatar cikin ƙaramin hanji, watau wurin da jiki ke tsotse amfanin abinci. Daga nan sai gudawa da kumburin ciki da rama da ƙarancin jini su biyo baya, yaro kuwa ya tsumbure. Likitoci na kiran wannan ciwo siliyak, kuma an ƙiyasta yana kama kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya.

Wanda ya tabbatar da laifin alkama shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. A lokacin yunwar da aka yi a can a 1944 zuwa 1945, burodi ya yi wuya, sai yara masu wannan ciwo suka sami sauƙi, da burodi ya dawo kuwa ciwon ya dawo. Ya bayyana bincikensa a 1950. Kada mai karatu ya ɗauka ciwon Turawa ne kurum, domin binciken da aka buga a 1999 ya nuna fiye da yaro 5 cikin 100 na 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara da ke zaune a Aljeriya suna da shi. Maganinsa ɗaya ne, barin gulutin har iyakar rayuwa. Sai dai wanda ke zargin yana da shi ya fara zuwa asibiti tukuna, don kuwa in ya bar alkama kafin gwaji, gwajin ba zai nuna gaskiya ba.

Cefane

Bature mai wannan larura yakan sha wuya, saboda burodi da taliya su ne tuwonsa. Bahaushe kuwa ya yi sa'a, gama gero da dawa da masara da shinkafa da acca da rogo da doya da dankali duk babu gulutin a cikinsu. Haka nan wake da gyaɗa da gurjiya da waken suya, waɗanda su ne za su tsaya masa a matsayin nama. Abin da zai bari shi ne duk abin da aka yi da alkama ko fulawa: burodi, gurasa, taliya, funkaso, alkaki, fanke, cincin, dashishi, kuskus, da tuwon semo.

Waɗannan a fili suke. Haɗarin yana cikin wanda ke ɓoye. Mai injin niƙa yakan niƙa wa wata alkama, ya juye masarar wani a bayanta ba tare da ya share ba, mai awo kuma mudu ɗaya yake sa wa kowane buhu. Don haka gara mutum ya sayi tsaba, ya tsince, ya wanke, ya niƙa a gida ko a injin da ya amince da shi.

A kanti kuwa, wajibi ne ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwali ko gwangwani. Wasu dunƙulen miya akwai garin alkama ko ɗanɗanon kaza a cikinsu, lemon malt kuma sau da yawa da tsiron sha'ir ake yin sa. Akwai ma wani naman jabu da ake sayar wa marasa cin nama, wanda zallar gulutin ne. Bisa ƙa'idar da hukumar Codex ta duniya ta shimfiɗa, ba a ce abinci ba shi da gulutin sai in bai wuce miligiram 20 a cikin kilo guda ba. A ƙasashen Turai akan buga wa irin wannan abinci hoton zangarniya da aka ja wa layi.

Cin Abinci A Waje

A nan ne wahala ta fi yawa, domin ba mutum ne ya girka ba. Ɗanwake na asali da garin wake da na rogo da kuka da kanwa ake yin sa, amma yanzu mata da yawa da fulawa suke kwaɓawa. Wasu masu waina sukan ƙara fulawa don ƙullu ya yi auki. Ƙosai shi kansa ba shi da aibu, amma in a man da aka soya fanke aka soya shi, to, ya gurɓata. Ta fuskar nama kuma, miyar kuka ko ta taushe da babu tsoka a bayyane, mai yiwuwa da romo ko garin busasshen kifi aka haɗa ta. Haka ma alale.

Dabara ita ce tambaya, kuma a yi ta dalla-dalla. In mutum ya ce wa mai abinci ba ya cin gulutin, ba za ta gane ba. Sai ya ce, "Hajiya, don Allah wainar nan an sa mata fulawa? Likita ne ya hana ni." In ya yi shakka, sai ya nemi abin da ido ke ganin haɗinsa, kamar shinkafa da wake da mai da yaji, ko fura da nono, ko kwaɗon zogale, ko dafaffen dankali. Matafiyi kuma ya riƙe guzurin gyaɗa da dabino da ƙuli-ƙuli.

Akwai kuma batun kunya. A al'adarmu, baƙo ya ƙi abincin mai masauki abin zargi ne. Hanya mafi kyau ita ce ya sanar da uwargida tun kafin a ɗora tukunya, don kada a yi wahalar banza, shi kuma ya ci abin da zai kwantar da shi saboda kara.

Abin Da Jiki Zai Rasa

Wanda ya bar nama, kuma hanjinsa ya riga ya yi rauni, yana cikin haɗarin ƙarancin jini. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, amma lemo ko tumatir ko gwaiba na taimaka masa, shayi kuwa in an sha tare da abinci yana hana shi. Bitamin B12 ba a samun sa a tsirrai, sai a nono da ƙwai. Wanda ya bar waɗannan ma, tilas ya nemi ƙwayarsa a wurin likita.

Kammalawa

Mun ga cewa mai wannan larura a ƙasar Hausa ba ya bukatar abincin kanti mai tsada. Abin da rumbun kakanninsa ya ƙunsa ya ishe shi, muddin ya lura da inji da mai da romo, kuma bai ji nauyin tambaya ba. Matambayi ba ya ɓata.