Kula da Janareta Mai Amfani da Iskar Gas a Gona

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoma da dama sun mayar da janaretocinsu masu amfani da iskar gas. Idan kana cikinsu, ka sani cewa gas ya rage maka kuɗin mai ne kawai, bai ɗauke maka aikin kula da inji ba. Ƙwan kaza yana kwana 21 a na'urar ƙyanƙyasa. Idan janareta ya tsaya dare guda a tsakiyar waɗannan kwanaki, asarar tana iya fin abin da ka tara na rarar kuɗin mai.

Baƙin Mai

A nan ne mafi yawan masu injin gas suke yin kuskure. Gas ba ya barin baƙin hayaƙi kamar fetur, saboda haka mai yakan daɗe da kyan gani alhali ƙarfinsa ya ƙare. Kada ka dubi launinsa, ka ƙirga awannin aiki. A ƙaramin janareta, a yi juyen farko bayan awa 20 idan sabo ne, daga nan kuma duk bayan awa 100, sai dai in littafin injin ya faɗi ƙasa da haka. Mai tayar da inji awa 5 kullum zai yi juye ke nan duk bayan kwana 20. Ka tanadi ɗan littafi kana rubuta awannin. Kowace safiya kuma ka auna mai, inji yana kan shimfiɗaɗɗen wuri.

Fulogi, Bawul da Matatar Iska

Gas ya fi fetur bukatar tartsatsi mai ƙarfi kafin ya kama. Fulogin da ya fara gajiya zai sa inji ya riƙa wuyar tashi, don haka a duba shi duk lokacin juye, a kuma ajiye sabo a gefe. Haka nan gas busasshe ne, yana sa bakin bawul saurin cinyewa. Ka kai wa makanike ya daidaita bawul bayan awa 300 ko sau ɗaya a shekara. Matatar iska a tsabtace ta duk bayan awa 50. Lokacin ƙurar hunturu, ko in inji yana kusa da wurin niƙa abincin kaji, a yi hakan duk mako.

Tukunya da Tiyo

Gas iri biyu ne. Na girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa, ya taru a rami ko lungu. CNG kuwa sama yake tashi, kuma an matse shi da ƙarfi mai yawa a cikin tukunyarsa. Kowanne da tukunyarsa da regiletarsa, ba a musanya su.

Duk lokacin da ka sauya tukunya, ka shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo da regileta. In kumfa ta riƙa kumbura, akwai yoyo: rufe tukunya, kada ka tayar da inji sai an gyara. Ba a neman yoyo da ashana. Tiyon da ya tsage, ya bushe, ko ɓera ya taɓa shi, a sauya shi. Tukunyar gas ɗin girki ta zauna a tsaye cikin inuwa, nesa da salansa.

Wajen kashewa, fara cire kayan wuta, sannan ka rufe tukunya, ka bar inji ya ƙone sauran gas ɗin da ke tiyo ya mutu da kansa.

Gargaɗi

Hayaƙin injin gas ba ya cika ganuwa, amma yana ɗauke da gubar da ke kashe mutum da kaji cikin barci. Kada ka ajiye janareta a ɗaki, ko zaure, ko cikin ɗakin kaji. A yi masa rumfa a fili, nesa da ƙofa da taga.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai.