Tano Ɗaya, Ma'auni Uku: Lissafin Kumburin Fetur

Duk direban da ya taɓa ɗaura tanon guzuri a Gataa El Oued da asuba ya kama hanyar In Guezzam, ya san da azahar fetur kan nemi fita ta murfi. Zafi ne ke kumbura shi.

A ma'aunin Selsiyus, wanda ake aiki da shi a Aljeriya da Nijar, kowace lita tana ƙaruwa da kusan 0.00095 a digiri ɗaya. Idan zafin man ya tashi daga 15 zuwa 40, tano mai lita 200 zai ƙaru da kusan lita 5.

Inda gizo ke saƙa shi ne takardun Amurka, masu amfani da ma'aunin Farenhait na 1724. Digirinsa ƙarami ne, tara nasa daidai da biyar na Selsiyus, don haka adadin ya koma 0.00053, tazarar zafin kuma 45. Tsofaffin littattafan Faransa kuwa na ɗauke da ma'aunin Reyomur na 1730, inda ruwa ke tafasa a digiri 80. A nan adadin 0.0012 ne, tazarar 20. Amsar duk ɗaya ce.

Amma wanda ya haɗa adadin Farenhait da digirin Selsiyus zai samu ƙasa da lita 3, ya cika tano fiye da kima, a tashi da asara ko gobara.

Saboda haka 'yan uwa, a duba harafin da ke gefen digiri kafin lissafi, a kuma bar wa tano sarari. Allah ya kiyaye hanya.