Bayani Kan Wa'adin Mulkin Shugaban Ƙasa Da Sharuɗɗan Sake Tsayawa Takara

A duk lokacin da zaɓe ya gabato, akan ji muhawara a kasuwanni da majalisun hira da ofisoshin ƙananan hukumomi kan ko wane yana da damar sake tsayawa takara ko kuwa wa'adinsa ya cika. Ganin yadda jita-jita kan yi yawa a kan wannan batu, mun ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin abin da Tsarin Mulkin Tarayyar Nijeriya na shekarar 1999 ya tanada, tare da gyare-gyaren da aka yi masa.

Sau nawa ake zaɓen mutum?

Sashe na 135 ya ƙayyade wa'adin Shugaban Ƙasa shekara huɗu, daga ranar da ya yi rantsuwar kama aiki. Sashe na 137 kuma ya ce duk wanda aka taɓa zaɓa a wannan muƙami har sau biyu bai cancanci sake tsayawa ba. Sashe na 180 da na 182 sun yi irin wannan tanadi ga gwamnonin jihohi.

Abin lura a nan shi ne, doka tana ƙidaya yawan zaɓen da mutum ya ci ne, ko a jere ko ba a jere ba. Misali, an zaɓi Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso Gwamnan Jihar Kano a 1999, bai yi nasara ba a 2003, sannan ya sake cin zaɓe a 2011. Da wannan ya cika sau biyu, don haka ƙofar kujerar gwamna ta rufe gare shi, amma ta Shugaban Ƙasa tana buɗe, domin muƙami ne daban. Haka kuma ba a lissafa mulkin soja, tunda ba zaɓe ne ya kawo shi ba. Shi ya sa Cif Olusegun Obasanjo, wanda ya yi mulkin soja daga 1976 zuwa 1979, ya ci zaɓe a 1999 da 2003, kamar yadda Janar Muhammadu Buhari ya ci a 2015 da 2019. 'Yan majalisun dokoki kuwa, na tarayya da na jihohi, Tsarin Mulki bai yi musu iyaka ba.

Wanda ya ƙarasa wa'adin wani

Lokacin da Allah Ya yi wa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa rasuwa a ranar 5 ga Mayu, 2010, an rantsar da mataimakinsa, Dokta Goodluck Jonathan, domin ya ƙarasa wa'adin. Ya ci zaɓe a 2011, kuma da ya nemi tsayawa a 2015 sai aka kai ƙara kotu cewa zai wuce shekara takwas. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukuncin cewa yana da damar tsayawa, saboda sau ɗaya kawai aka taɓa zaɓensa Shugaban Ƙasa.

Domin toshe wannan giɓi, an yi wa Tsarin Mulki gyara wanda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a 2018. Bisa wannan gyara, duk wanda aka rantsar don ya ƙarasa wa'adin wani, ba za a zaɓe shi a wannan muƙami fiye da sau ɗaya ba. Hukuncin ya shafi mataimakin gwamna da ya gaji gwamnansa.

Idan kotu ta soke zaɓe

Bayan zaɓen 2007, kotuna sun soke zaɓen wasu gwamnoni, aka sake zaɓe suka kuma cin nasara, sai suka ce wa'adinsu zai fara ne daga rantsuwa ta biyu. A ranar 27 ga Janairu, 2012, Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan hujja, ta sauke gwamnonin Adamawa da Sakkwato da Kogi da Bayelsa da Kuros Riba, tana mai cewa lissafi yana farawa ne daga rantsuwar farko. Hanya ɗaya da Tsarin Mulki ya bari ta tsawaita wa'adin Shugaban Ƙasa ita ce idan ƙasa tana cikin yaƙi har zaɓe ya gagara, kuma ko a nan Majalisar Tarayya ce za ta amince, ba fiye da wata shida a lokaci guda ba.

Yunƙurin tazarce

A 2006 magoya bayan Shugaba Obasanjo sun gabatar da ƙudurin gyaran Tsarin Mulki wanda zai ba da damar wa'adi na uku. A ranar 16 ga Mayu na wannan shekara Majalisar Dattawa, ƙarƙashin jagorancin Sanata Ken Nnamani, ta yi fatali da ƙudurin, aka kuma miƙa mulki a ranar 29 ga Mayu, 2007 kamar yadda doka ta tsara.

A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar lamarin ya sha bamban. A 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba-gardama wadda ta ƙara masa shekara uku. A ranar 18 ga Fabrairu, 2010 sojoji suka kifar da gwamnatinsa.

Ina ruwan mazauna karkara?

Sashe na 9 ya nuna cewa ba za a canza wa'adin mulki ba sai kashi biyu cikin uku na sanatoci 109 da na 'yan Majalisar Wakilai 360 sun amince, sannan majalisun dokokin jihohi aƙalla 24 daga cikin 36 su goyi baya. Ma'ana, ɗan majalisar jiha da kuka zaɓa daga mazaɓarku yana da ƙuri'a a kan wannan babban al'amari, kuma haƙƙinku ne ku tambaye shi matsayinsa kafin ya kaɗa ta.

Hikimar wannan iyaka a fili take. Shugaban da ya san ranar saukarsa ya san akwai ranar da za a bi sawun ayyukansa, kuma wanda ya faɗi zaɓe ya san wata dama tana tafe, ba sai an tayar da fitina ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da hakimai da dagatai da masu unguwanni da su riƙa yi wa jama'a wannan bayani. Idan aka ce muku wane zai sake tsayawa, ku tambaya sau nawa aka zaɓe shi a wannan kujera, kuma ko ya taɓa ƙarasa wa'adin wani. Inda aka samu saɓani, kotu ce ke da ikon yanke hukunci. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.